Tatar maɗin ɗinya: a yi ta tun bai kama ludayi ba

Duk mai son maɗinsa na ɗinya ya fita tas, babu yashi babu tsaki a gindin kwalba, ya sani cewa aikin tata yana ƙarewa ne tun kafin maɗin ya yi kauri. Da zarar ya fara danƙo yana bin ludayi, babu ƙyallen da za a samo a babbar kasuwar Maraɗi da zai iya da shi. Sai dai a zuba, a zauna ana kallo yana ɗiga ɗaya-ɗaya, ya huce, ya toshe ƙyallen, rabinsa ya maƙale a ciki.

Ni ba sana'ata ba ce. Aikin gwamnati nake yi, maɗi kuwa sai ranakun hutu idan kaka ta yi, mata sun fara shigowa da ɗinya daga wajajen Madarunfa da ƙauyukan bakin gulbi. Tiya kaɗan nake saye, abin da tukunya ɗaya za ta ɗauka. Wanda ya samu mu sha a kunu da fura, a kai wa dangi, sauran abokan aiki su kwashe. Amma ko kwalba uku mutum yake fitarwa, ba ya so a ɗaga ta a rana a ga laka kwance a ƙasa, don mai karɓa ba zai ce komai ba, a ransa dai ya gama yanke hukunci cewa ƙazanta ce.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne wata muhawara da muke yi da ƙanena da ke karatu a Kanada. Ya taɓa zuwa mana da kwalbar maɗin da suke yi can daga itacen erabul, wanda ganyensa ke jikin tutar ƙasar. Garau yake, ana hango yatsa ta bayan kwalbar. Tun daga nan yake turo mini bidiyon masu yin sa a bayan gida, yana cewa, "Yaya, ki dubi yadda suke tacewa a ƙarshe, da zafinsa, cikin jakar ulu. Ki yi haka mana." Na duba, kuma na ƙaru. Sai dai damuwarsu daban, tamu daban.

Su ba 'ya'yan itace suke dafawa ba. Jikin bishiyar suke hudawa a ƙarshen sanyi, wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da dare ke ƙanƙara rana kuma ta narkar, ruwa ya riƙa tsiyayowa. Ruwan nan fari ne fes, sukarin cikinsa bai wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, shi ya sa sai an ƙone kamar lita 40 kafin a samu lita 1. Lardin Kebek kaɗai ke fitar da kusan kashi 70 cikin 100 na wanda ake yi a duniya. To dattinsu ba daga itace yake zuwa ba, a cikin tukunya ake haifarsa: gishirin ma'adinai da ke narke cikin ruwan, galibi na kalsiyam, yana taruwa ya zama gari-gari idan ruwa ya ƙone. Dole su jira sai an gama dahuwa su tace, da zafin da ya haura digiri 80, don kafin nan garin bai gama taruwa ba.

Mu kuwa tun daga kwando dattinmu yake. Ɗinya tsintar ta ake a ƙasa, ta zo da yashi, ga ɓawo, ga ƙwallo, ga tsokar nan baƙa mai laushi da ke narkewa ta zama ƙullu. Idan aka bar wannan ƙullun ya dahu tare da ruwan har ya yi kauri, ya riga ya shige jikin maɗin. Saboda haka tamu tatar a farko take, tasu a ƙarshe.

Yashi ne abokin gaba na farko, kuma wurin wanki ake raba gari da shi. A zuba ɗinyar cikin babban baho, a juya da hannu, sannan a tsamo ta zuwa wani bahon. Kada a tsiyaye ruwan a bar ta a ciki, yashin da ya kwanta zai sake komawa jikinta. A yi ta canza ruwa har sai an shafa gindin baho ba a ji ƙurus-ƙurus ba. Wadda ta ruɓe ko ta yi tsutsa a fitar, ɗanya mai kore ma haka, bauri take kawowa.

Daga nan sai jiƙo cikin ruwan ɗumi da murza. Ni da hannu nake murjewa har ƙwallayen su fito tsirara. Wasu na sussukawa a turmi, yana da sauri, amma idan taɓarya ta yi nauyi ƙwallo ya fashe, ɓarɓashinsa na shiga ruwan. Rariya ta kwashe ƙwallo da ɓawo, wannan ba ya buƙatar bayani.

Inda aikin yake shi ne jaka. Na ɗinka ta da akoko mai kauri, baki faɗi, gindi a tsuke, da igiya a baki. Ina rataye ta a reshen dalbejiyar tsakar gida, roba a ƙasa, in jiƙa ta da ruwan zafi tukuna don busasshen yadi shan zaƙin yake, sannan in zuba. Minti na farko ruwan na zuba shaaa, da ɗan duhu-duhu. Wannan na farkon mayar da shi nake cikin jakar. Can sai ƙullun ya lulluɓe cikin yadin, zubar ta ragu ta koma zare siriri, a nan ne ruwan ke fara fita wasai, ja mai duhu, hasken rana na ratsa shi. Ƙullun da ya manne shi ne ainihin matacin, yadin riƙe shi kawai yake. Wanda ya sa cokali ya kankare shi don ruwa ya yi sauri ya rushe abin da ke yi masa aiki.

Matsa kuwa ita ce babbar jaraba. Duk macen da ta tashi tana tatar gasara hannunta ya saba: a zuba, a murɗe, a matse har sai dusa ta bushe. A koko garin ake so ya ratsa ƙyalle, a maɗi kuwa shi ake so ya tsaya. Gwaggona, wadda a wurinta na ga ana wannan aiki tun ina ƙarama a Tibiri, ta taɓa iske wata 'yata ta kama jakar za ta murɗa. Daga kan tabarma ta ce, "Ke, sake ta! Sauri ya haifi nawa. Bar ta ta yi kukanta ta gama." Yarinyar ta ce, "Gwaggo, ai zaƙin duk yana ciki." Ta ce, "Yana ciki, ba inda za shi. Kawo wata roba."

Dabarar kenan, kuma ban ga wadda ta fi ta ba. Idan jakar ta daina ɗiga, a janye robar farko a ajiye gefe. A kawo ta biyu, a ƙara ruwan ɗumi kan ƙullun, a matse iya ƙarfi. Wannan ruwa na biyu gurɓatacce ne, amma zaƙinsa na nan. Shi nake dafawa daban, na yara da na kunun gida, ko a ƙara masa wuta a ja alewa. Ba a yi asarar komai ba, ba a kuma ɓata na kwalba ba.

Ruwan robar farko sai ya hau wuta nan take. Kada a ce bari ya kwana ya kwanta, da zafin Oktoba na garin nan kafin asuba ya fara tsami yana kumfa da kansa. A bari ya tafasa sau ɗaya, a yi ta kwashe kumfar da ke tasowa da ludayi, sannan a sauke, a rufe, a ba shi awa biyu ko uku. Tafasar nan na dunƙule ƙananan abubuwan da suka tsere wa jaka, su yi nauyi su sauka. A tsiyaye na sama sannu a hankali, da an ga duhun ƙasa ya fara tahowa a tsaya.

Game da tukunya, a guji ta baƙin ƙarfe mai tsatsa. Ɗinya itace ce da ake dafa ganyenta da ɓawonta a yi tawada da rini, kuma baurin da ke cikinta idan ya haɗu da ƙarfe baƙi yake ƙarawa, ɗanɗanon ma ya canza. Mai faɗi ta fi mai zurfi, ruwa ya fi saurin ƙonewa.

Akwai tata ta ƙarshe, kuma a nan ne na ɗauki shawarar ƙanena, sai dai na matso da ita gaba. Idan ruwan ya ƙone ya koma kamar kashi ɗaya cikin uku, yana da zaƙi sosai amma har yanzu yana zuba sakat daga ludayi, sai in juye shi da zafinsa ta cikin yadi ninki biyu da na ɗaure a bakin wata tukunya. Za a yi mamakin abin da ke saura a kai, wani laushin tsaki mai launin ƙasa. Jakar ulu irin tasu ban ga amfaninta ga mai tukunya ɗaya ba, abin da za ta shanye ya kai rabin kwalba. Manyan masu yi a can ma inji suke amfani da shi, mai tura maɗin ta cikin takardu da wani farin gari. Wannan ba layinmu ba ne.

Abu ɗaya da muka yi tarayya da su ba gardama: ƙyallen tata ba ya ganin sabulu. Ruwan zafi zalla, a ɗauraye, a shanya a rana. Ƙamshin sabulun wanki na kama zare, kuma maɗi mai zafi sai ya kwaso shi. Sabon yadi ma a tafasa shi tukuna, sitacin kanti ya fita.

Bayan wannan sai a mayar wuta kaɗan-kaɗan har ya kai. Mutanen Kanada ma'auninsu sukari kashi 66 cikin 100, ƙasa da haka ba ya ajiyuwa. Suna ganewa da ma'aunin zafi, idan ya haura tafasar ruwa da digiri 4, amma sukarin 'ya'yan itace ba irin nasu ba ne, lambar ba ta zama daidai a kan ɗinya. Sikelin kicin ya fi mini. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, lita ɗaya ta maɗin da ya kai kuwa tana yin wajen kilo 1 da giram 320. Sai in ɗebi mililita 100, in bari ya huce, in auna: idan ya kai giram 132, na sauke. Gwaggo ita ɗigawa take a ƙwaryar ruwan sanyi, in ya sauka ƙasa a dunƙule bai watse ba ta ce ya yi. Sau da yawa ni da ita lokaci ɗaya muke cewa a sauke.

A zuba a kwalbar gilashi da aka tafasa, tun yana da zafi, a cika har wuya, a rufe gam. Ko an bi duk wannan, bayan wata ɗaya ko biyu ana iya ganin ɗan siririn layi a gindi. Ba ya cutarwa, kuma ba na sake buɗe kwalba saboda shi. Wanda ke sa a buɗe shi ne farin hunhuna a sama, alamar an sauke da sauran ruwa ko murfin bai kama ba. Irin wannan kwalbar ba ta fita daga gidana.

Dabino ma haka nake bi da shi idan na samu busasshe mai araha na Agadas ko Ingal wajen azumi, sai dai ƙullunsa ya fi na ɗinya toshe jaka, don haka ruwan jiƙonsa ya fi yawa, kuma jaka biyu nake ratayewa.