Abin da mai hayar kujeru ke gani daga bayan fili

Mai bayar da hayar kujeru da rumfa shi ne farkon zuwa wurin taro, shi ne kuma na ƙarshen tashi. Sana'ata ke nan a Zariya. Cikin duk tarukan da nake kai wa kaya, daga walimar aure zuwa saukar Alƙur'ani zuwa gangamin 'yan siyasa, babu wanda nake tsayawa in kalla har ƙarshe da son raina sai wasan daɓe na samarin unguwarmu. Ba su da kuɗi, wani lokacin ma sai bayan mako suke cika min nawa. Amma idan sakatarensu ya kira, ban taɓa ce masa kaya sun fita ba.

Ƙungiyar ba wata babba ba ce. Akwai tela, akwai malamin firamare wanda shi ne mai tsara labari, akwai masu tuƙa Keke Napep, da wata ma'aikaciyar jinya, sai ɗalibai da ke shigowa lokacin hutu. Bayan isha'i suke gwaji. Dandamalinsu tebura ne da ake haɗawa a shimfiɗa katako a kai, labulen kuma zannuwan gado ne da aka ɗinke wuri guda.

A can baya nake tsayawa, saboda yara na hawa kujerun roba da ƙafa su karya min. Don haka ƙeyar 'yan kallo na fi gani fiye da fuskar 'yan wasa, kuma daga nan na gane cewa mutanenmu ba da tafi suke yaba wasa ba. Tafi na manyan baƙin layin gaba ne, su ma sai mai gabatarwa ya ce "jama'a a tafa musu." Yabon gaske da baki ake yin sa, a tsakiyar wasa, ba a jira a ja labule.

Bayan ƙaramar sallar bara sun yi wasa a kan rabon gado. Telan nan ne ya fito a matsayin baffan marayu, wanda ya sayar da gonar ɗan'uwansa ya ƙara aure da kuɗin. An sa masa babbar riga ta aro da ciki na tsumma. Da ya zo wurin da yake rantse wa alƙali cewa marigayin bai bar ko akuya ba, sai wata tsohuwa ta miƙe daga tabarmar mata, ta nuna shi da carbi ta ce, "Kai ɗan nan, ka ji tsoron Allah! Dukiyar maraya wuta ce!" Ta san shi sarai, shi ke ɗinka wa jikokinta kayan makaranta. Shi kuma bai fita daga rigar baffan ba. Ya juyo ya rusuna ya ce, "Inna, ke ma in kina da gona kawo in ajiye miki." Fili ya kaure da shewa, wata ta rangaɗa guɗa, samari na fito. Wanda ya fito a alƙali ya bubbuga tebur ya ce a rubuta sunan Inna cikin shaidu. Babu ko ɗaya daga wannan a takardar malamin, kuma shi ne abin da aka yi ta maimaitawa a wurin mai shayi har aka kwana biyu.

Wani ɗan boko da ya zo tare da manyan baƙi ya same ni a baya yana ƙorafi, wai mutane ba su iya kallon wasa ba, wai a ƙasashen da suka ci gaba ko tari ba a yi sai an gama. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, su da nasu, mu da namu." Ban ja da shi ba saboda yana iya zama mai ba ni aiki gobe. Amma ni a wurina, ranar da na ga filin nan ya yi tsit, to wasa ya mutu. Na taɓa ganin hakan, lokacin da aka ba su kwangilar wasan faɗakarwa a kan tsaftar muhalli, aka rubuto musu jawabi daga ofis aka ce kada su canza ko kalma. Mutane sun zauna da ladabi, sun tafa inda aka ce su tafa, kafin a kai rabi masu rake da gyaɗa sun fi dandamali jama'a.

Wannan tsoma baki na 'yan kallo ba rashin tarbiyya ba ne, da shi muka tashi. Duk wanda ya yi tashe yana yaro, daga goma ga watan azumi, ya san cewa idan ka manna gemun auduga ka shiga gida kana dogara sanda, matan gidan ne ke yi maka amshi, su tsokane ka, ka rama, sannan a ba ka hatsi ko 'yan kuɗi. Babu wani layi da ya raba mai wasa da mai kallo. Hatta masana na jami'a a nan suka tsaya. Daga ƙarshen shekarun 1970, malaman wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Michael Etherton da Salihu Bappa, sun riƙa fita da ɗalibai daga Samaru zuwa garuruwa kamar Soba da Maska da Bomo, suna wasa da Hausa a kan matsalolin manoma. Da tafiya ta yi tafiya, sai suka koma barin wasan a buɗe, mutanen gari su faɗi yadda ya kamata ya ƙare, wani ma ya shigo fili ya karɓi matsayin da kansa. Gidan wasan da aka gina da jar ƙasa a cikin jami'ar yana nan, mai shakka ya je ya ga yadda mazaunin 'yan kallo ke kusa da fili. Abin da Inna ta yi da carbinta, wasu sun yi digiri a kansa.

Sai dai yabon baki ba ya sayen fetur. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin tayar da janareta na dare ɗaya ya fi abin da suke biya na na kujeru. Kuɗin ƙofa kuwa rigima ne: da an ce naira 200, sai ka ga kowa ya zama ɗan'uwan mai tsaron ƙofa, yara kuma su bi ta katanga. Abin da ke shigowa shi ne liƙi, shi ma yanzu an koma zagayawa da faranti, tun da hukumar EFCC ta tsananta kama masu watsa kuɗi a biki a 2024, duk da cewa dokar Babban Banki da ta hana hakan tun 2007 take. Kuma liƙi ba shi da adalci. Mai barkwanci yake bi. Wanda ya fito a ɗan ƙauye ya faɗi daga kan benci zai tashi da aljihu cike, malamin da ya kwana yana tsara labari da yaron da ya haɗa wayoyin lasifika ko sannu ba mai ce musu. Dokar ƙungiya ta ce a zuba komai a asusu, amma na sha ganin ana ciro ɗari biyar daga cikin hula a bayan labule.

Abin da ya fi damuna shi ne na mata. Ma'aikaciyar jinyar nan, idan ta fito a uwar marayu tana kuka, har maza na sunkuyar da kai. Da an tashi za ka ji ana cewa, "Wallahi yarinyar nan ta iya." Amma cikin masu faɗin haka, je ka ce wa ɗaya ya bar 'yarsa ta shiga ƙungiyar, ka ji amsar da zai ba ka. Shi ya sa har yau wani lokacin ƙato ne ke ɗaura zani da kallabi ya fito a kishiya, a yi dariya, amma labarin ya rasa nauyinsa. Mutanen nan kuma su ne ke kwana kallon finafinan Hausa a waya, sun manta cewa daga irin waɗannan ƙungiyoyin sana'ar ta fito. Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta fitar da fim ɗin bidiyon da ake lissafawa a matsayin mafarin kasuwar a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce ta masu sha'awa kafin ta riƙe kyamara.

Yanzu suna shirin wani wasan a kan rikicin kuɗin gyaran famfon burtsatse, kuma an rasa wanda zai fito a ma'ajin da ya cinye kuɗin. Telan ya ce shi kam ya tuba. Tun wasan gado yara ke bin sa da "Baffa ina gonar marayu," kuma wata Hajiya ta aiko a karɓe mata atamfarta kafin ya yanka, ta ce ba ta yarda ya dawo mata da ragowar yadi ba. Malamin ya zo shagona shekaranjiya yana lallashina, wai ina da fuskar ma'aji. Na ce masa ya fara biyan bashin kujeru tukuna.