Yadda na kwance fitilun Corvette da tsatsa ta cije

Motar Chevrolet Corvette ce ƙirar 1965, cikin jerin da aka ƙera daga 1963 zuwa 1967, masu fitilun gaba da ke ɓuya a jikin mota. Kowace fitila tana zaune cikin wani akwati mai juyawa a kan sanduna biyu gajeru, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, ƙaramin injin lantarki kuma shi ke juya shi. Sai a 1968 kamfanin ya koma amfani da ƙarfin zuƙar iska daga injin mota wajen buɗe fitilun. Tawa ta daɗe a ajiye. Fitilar dama tana motsi da ƙyar, ta hagu kuwa ko gezau.

Abu na farko, na cire injinan biyu na ajiye gefe. Mutane da yawa suna ta danna makunni suna jiran fitila ta saki, alhali ƙarfin injin duk a kan haƙoran giyarsa yake ƙarewa, har su cinye. Da injin ya fita sai na gwada juya akwatin da hannu, na tabbatar cijewar a wurin sandunan take.

Daga nan na ɗauko maganaɗisu, kuma a ganina wannan ne matakin da ya fi kowanne amfani. Ya kama sanda da ƙananan sukurorin da ke riƙe zobenta, amma bai kama mazaunin da sandar ke juyawa a ciki ba. Ke nan ƙarfe iri biyu ne suka haɗu. Idan baƙin ƙarfe ya zauna manne da alminiyam ko ƙarfen zubi mai tutiya, danshi kuma ya shiga tsakani, mai taushin ne ke fara ci, ya fitar da wani farin gari. Baƙin ƙarfen shi ma ya yi tasa tsatsar, ita kuwa tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri. Su biyun sai su cika ɗan ratar da aka bari don juyawa, su matse sandar kamar an zuba siminti. Tsohon giris da ya bushe ya ƙara nasa.

Sanin haka ya hana ni ɗauko wutar gas. Baƙin ƙarfe zai yi jajir bai damu ba. Alminiyam kuwa yana narkewa a digiri 660 na ma'aunin Celsius ba tare da ya canza launi ya gargaɗe ka ba, ƙarfen zubi mai tutiya ma bai kai digiri 400 yake zubewa. Ga shi jikin Corvette na faiba ne, wato zaren gilashi da aka daskarar da roba, harshen wuta kaɗan ya ishe shi. Na'urar hura iska mai zafi na yi amfani da ita, na kare faibar da farantin ƙarfe, na riƙa ɗumama mazaunin, ba sandar ba. Dalili shi ne alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, don haka ramin ya fi sandar faɗaɗa, ɓawon tsatsar ya tsage, mai ya samu hanyar shiga.

Man kwance tsatsa kuma akwai gardama a kansa tsakanin masu gyaran tsofaffin motoci. Wasu na kanti kawai suka yarda da shi, wasu suna haɗa man giyar otomatik da asiton (sinadarin narkar da fenti) rabi da rabi. Na gwada duka, ban ga bambancin da ya kai a yi musu a kai ba. Abin da ya yi aiki shi ne maimaitawa: a ɗumama, a bari ya ɗan huce, a ɗiga mai, a ƙwanƙwasa, a tafi a bar shi ya kwana. Asiton dai yana kama wuta kuma yana ɓata fenti, kada ya kusanci wuri mai zafi.

Ƙwanƙwasawar ma ba duka ba ce. Sandar tagulla na ɗora a kan bakin sandar fitilar, ina bugunta da ƙaramar guduma, bugu mara nauyi amma da yawa. Girgizar ake so. Da guduma kai tsaye bakin sandar zai baje, kuma bajajjen baki ba ya sake bi ta ramin da ya shiga. Ƙarfen zubi shi kuma ba ya lanƙwasa, tsagewa yake yi gaba ɗaya.

Sukurorin zoben sun fi ba ni wahala. Na fara share ramin kansu da tsinke har alanki, wato maɓallin kwance sukurori mai kusurwa shida, ya zauna ƙasa sosai, sannan na ɗan ƙara ɗaurewa kafin in kwance. Ɗaya ya fito. Ɗayan kansa ya riga ya cinye tun kafin motar ta zo hannuna, sai da na huda shi da bakin injin huda mai juyin hagu, wanda ya kama shi ya fito da shi tun ban kai ga zaren ba.

Ranar da akwatin hagu ya fara motsi, bai wuce kaurin farce ba. A nan ne hannu ke ƙaiƙayin a murɗa da ƙarfi a gama. Na riƙa kai shi gaba kaɗan, in dawo da shi baya, ina ƙara mai, jan ruwa yana tsiyaya daga ramin. Kowane zuwa da dawowa yana ƙara faɗi har ya juya duka.

Wajen wanki na raba kayan gida biyu. Na baƙin ƙarfe na jiƙa su a maganin cire tsatsa. Masu taushin kuwa buroshin tagulla da kananzir kawai, domin ruwan tsami mai ƙarfi yana cin tutiya. Na goge sandunan da sanfefa mai laushi, na canza bushi (hannun rigar da sanda ke juyawa a ciki) da woshar da suka mutu, na shafa farin giris a wurin juyawa da man hana cijewa a zaren sukurori. Hotunan da na ɗauka kafin kwancewa su suka nuna mini jerin woshoshin, saboda su ne ke daidaita tazarar akwati da jikin mota. Ban mayar da injinan ba sai da kowane akwati ya juya da turin yatsa ɗaya, bai goga faiba a kowane gefe ba.