Kaurin wuyan jita, da abin da na gano da na tashi sayar da tawa

Shekara huɗu jitar lantarkin nan ta yi a hannuna kafin na yanke shawarar rabuwa da ita, kuma ba don tana da wani aibu ba. Sautinta garau yake, saitin tsirkiyoyinta ba ya saurin kwancewa, fentinta ma bai sha wahala ba in ban da wata 'yar ƙarzuwa a baya inda kan bel ɗina yake gogarta. Abin da ya raba mu shi ne wuyanta. Duk ranar da na yi awa ɗaya da rabi ina kaɗa ta, sai in ji gindin babban yatsana na hagu ya ɗaure, ciwon ya riƙa gangarowa har tsintsiyar hannu, alhali ɗayar jitar tawa, wadda wuyanta ke cika tafin hannu, nakan raba dare da ita a wurin biki ba tare da na ji komai ba.

A tallar farko da na sa a Facebook na jera duk abin da nake zaton mai saye zai so ji, irin katakon, yawan maganaɗisun ɗaukar sauti, da jakar da za ta bi ta, sannan na rufe da cewa wuyanta siriri ne mai daɗin riƙo. Sai daga baya na ji kunyar wannan jimla, domin rashin daɗin riƙon ne ya sa nake sayar da ita. Ban yi niyyar yaudarar kowa ba. Na dai maimaita abin da kusan duk masu talla ke rubutawa, wato ɗaukar cewa sirantar wuya da sauƙin kiɗa abu ɗaya ne.

Wani bawan Allah ya taso tun daga Zariya zuwa nan Kaduna saboda wannan talla. Muka gaisa, na jona masa amfilifaya, ya rataya jitar, ya lanƙwaso babban yatsansa ta saman wuyan kamar yadda masu kiɗan bulus (blues) na Amurka suke yi, ya kaɗa abin da bai kai minti biyu ba, sai ya cire ta ya jingine a hankali. Ya ce, "Malam, jitarka ba ta da laifi, amma ji nake kamar rula na riƙe." Na rasa abin cewa, don na san ainihin abin da yake nufi. Mutumin ya yi asarar kuɗin mota da yininsa a kan abin da lambobi biyu za su iya gaya masa tun yana gida.

A daren na ari ma'aunin kauri irin na masu juya ƙarfe daga wani maƙwabcina makanike, na sassauta tsirkiyoyin, na auna. Yadda ake yi shi ne a sa bakin ma'aunin ɗaya a kan allon da yatsu ke dannawa, ɗayan kuma a tsakiyar bayan wuya, kuma a tsakanin ƙarafunan da ke gicciye, waɗanda makaɗa ke kira firet, ba a kansu ba, domin tsayin ƙarfen zai ƙara wa awon fiye da milimita guda. Wuri biyu aka saba aunawa, wajen firet na 1 da wajen firet na 12, saboda wuya yana ƙara kauri ne yayin da yake matsawa kusa da gangar jiki. Tawa ta ba ni milimita 19 a sama da 21 a ƙasa. Ɗayar da nake jin daɗinta ta ba ni 22 da rabi da kuma 25. Bambancin milimita uku da rabi zuwa huɗu ke nan, abin da ido ba zai kula da shi a hoto ba, amma hannu ba ya mantawa da shi.

Waɗannan lambobi suna da tarihi a bayansu, kuma sanin sa yana taimakon mai sayarwa, domin da sunayen shekaru masu saye suke tambaya. Jitocin Telecaster na farkon shekarun 1950 da kamfanin Fender ya ƙera a Amurka suna da wuya mai kauri mai siffar harafin U, wanda wasunsa ke kusantar inci ɗaya, wato milimita 25, har Amurkawa ke kamanta shi da kulkin wasan bezbol. Mu da taɓarya za mu kamanta shi. Wajen 1957 kamfanin ya yi wuya mai siffar V, mai ɗan tudu a tsakiyar baya, daga nan kuma ya koma ga siffar C wadda ta fi siranta. Haka ma Gibson: Les Paul ta 1958 da 1959 wuyanta a cike yake, amma a 1960 aka rage shi, shi ya sa har yau kamfanin ke raba jitocinsa da sunan wuyan shekarun 50 da na shekarun 60. A 1987 kuma Ibanez na Japan ya fito da wuyan da ya sa wa suna Wizard, mai milimita 17 kacal wajen firet na 1, don masu gudun yatsa. Abin da ya kamata a riƙe shi ne a shekarun 1950 da hannu ake gyara wuyan, saboda haka jitoci biyu na shekara ɗaya ma suna iya bambanta, kuma sunan shekara ba ya maye gurbin awo.

Duk da haka, da na zauna da jitocin biyu a kan cinya ina shafa bayansu, sai na fahimci cewa kaurin tsakiya rabin labarin ne kawai. Sauran rabin yana ga kafaɗun wuya, wato naman katakon da ke gefe biyu, inda baya ke lanƙwasowa ya haɗu da allon yatsu. Wuyan tawa da nake sayarwa shimfiɗaɗɗe ne a baya, mai kafaɗu a tsaye, siffar da ake kira D. Idan na riƙe shi, kafaɗun suna tokarar gindin manuniya da na babban yatsa, tsakiyar tafina kuwa tana rataye a kan iska, sai hannun ya koma aikin awartaki, yana matsewa da ƙarfin 'yan tsokar gindin babban yatsa kaɗai. Nan ciwon yake fitowa. Wuya mai kauri wanda kafaɗunsa suka zube, kamar V mai laushi, yana iya zama ƙarami a hannu fiye da siririn wuya mai faɗin kafaɗu, domin ya cika tafi a inda ake buƙata, ya kuma kauce daga inda yatsu ke son wucewa. Manomin da ya je sayen ƙota a kasuwa ba ya tambayar awo, kama ta yake yi ya jijjiga, kuma bai taɓa zaton cewa mafi siranta ita ce za ta fi raga wa tafinsa ba.

Wanda zai ji daɗin wane wuya ya danganta ne ƙwarai da inda yake ajiye babban yatsansa. Mai ɗora shi a tsakiyar baya, yana barin tafinsa nesa da katako, yana miƙa yatsu huɗu su baje a kan firet huɗu ko biyar, shi ne aka yi wa siririn wuya mai shimfiɗaɗɗen baya. Mai rungumar wuyan kuwa, wanda ke leƙo da babban yatsa ta sama don ya danne tsirkiya ta shida ko ya sami madogara yayin tura tsirkiya sama, yawanci zai fi son abin da zai cika masa hannu. Shi ya sa ban yarda da shawarar da ake yawan ba masu ƙananan hannu ba, cewa lallai su nemi siririn wuya. Sau da yawa abin da ke wahalar da su faɗin wuyan ne, wanda a jitocin lantarki ya fi yawa tsakanin milimita 41 da 43 a bakin kai, wato inda wuya ya haɗu da kan jita, ko kuma tsawon tsirkiya daga bakin kai zuwa jaki, abin da ke tokare tsirkiyoyi a kan gangar jiki, wanda a yawancin Fender milimita 648 ne, a yawancin Gibson kuma kusan 628. Wannan tazara ta milimita 20 tana matso da ƙarafunan firet kusa da juna, tana kuma sa tsirkiya ta fi laushin dannawa.

Akwai kuma abubuwan da ake ɗora wa kauri laifinsu alhali ba nasa ba ne. Tsirkiyoyin da suka yi nisa da allo suna sa kowane wuya ya zama kamar gungume, kuma wannan gyara ne da ba ya ɗaukar lokaci ta hanyar sandar ƙarfen da ke cikin wuya da saitin jaki. Fenti mai sheƙi yana kama tafi idan gumi ya zubo a watan Afrilu. A lokacin hunturu kuma allon yatsu yana bushewa ya ɗan tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa tare da shi, sai bakunan firet su leƙo ta gefe suna kartar hannu. Mai sayarwa ya kamata ya gyara waɗannan, ko ya faɗe su, kafin mai saye ya zo. Idan kuma an taɓa goge bayan wuyan da samfefa don rage shi ko cire fentinsa, wajibi ne a faɗa, domin katakon da aka cire ba ya dawowa, kuma yana rage darajar jita. Maganar cewa wuya mai kauri yana ƙara wa sauti nauyi kuwa, makaɗa sun daɗe suna gardama a kai, ni dai ba na sa ta cikin talla.

Na sake rubuta tallar. Na sa awon wurare biyun, faɗin bakin kai, tsawon tsirkiya, da siffar baya, na ɗauki hoto daga gefe da wani daga baya wuyan yana cikin tafina, sannan na rubuta ƙarara cewa ina sayar da ita ne domin ni mai rungumar wuya ne kuma wannan bai dace da riƙona ba. Masu kira suka ragu sosai, abin da ya ɗan dame ni a makon farko.

A mako na biyu wata matashiya da ke kiɗa a ƙungiyar mawaƙan cocinsu ta zo tare da yayanta. Tana ɗaukar jitar na ga babban yatsanta ya tafi tsakiyar baya, tsintsiyar hannunta ta sauko, ƙaramin yatsanta ya kai inda nawa ba ya kaiwa sai da ƙyar. Ta fi rabin awa tana kiɗa ba ta ɗago kai ba. Da ta gama sai ta shafa gefen wuyan ta ce, "Kawu, wuyan ya yi mini daidai, sai dai bakin firet na 7 yana ɗan cizo." Gaskiyarta ce, na tsallake shi lokacin da nake gogewa. Na ɗauko ƙaramar zarto na gyara shi a gabanta, yayanta ya biya ba tare da dogon ciniki ba.

Da kuɗin na fara neman wata jitar mai cikakken wuya, har na ga ɗaya a Legas wadda hotunanta suka burge ni. Na tura wa mai ita saƙo ina roƙon ya auna mini kaurin wuyan wajen firet na 1 da na 12, ya kuma gaya mini siffar bayansa. Bayan kwana biyu ya amsa da cewa kada in damu, wuyanta siriri ne mai daɗin riƙo.