Inda na kai da zanen katantanwar Ashaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyon zane. Ga inda aka kwana a aikin amonait ɗin nan da nake yi da ɗige-ɗigen tawada.

Ga waɗanda ba su gan shi ba, dutse ne da bai cika tafin hannu ba, ɗan'uwana ya kawo mini nan Katsina daga wajen Ashaka a jihar Gombe, inda ake fasa dutsen siminti. Amonait halittar teku ce mai naɗaɗɗen ƙoƙo kamar na katantanwa, dutsen nan kuwa siffar wata ce daga cikinsu da ta rayu sama da shekara miliyan 90 da suka wuce, lokacin da ruwan teku ya ratso ta Sahara ya kwanta a wasu sassan ƙasar nan. Ire-iren amonait duka sun ƙare shekara miliyan 66 baya. Mu a nan mafi yawan ƙasarmu dutse ne mai tauri wanda ba ya adana irin wannan, shi ya sa nake lallaɓa shi.

Naɗin na gama shi da fensir. Abin da zan ce ku kiyaye kawai: ba naɗin faifai ba ne, da kowane zagaye faɗinsa ɗaya. Nan kowane zagaye yana buɗewa fiye da na cikinsa, kuma a nawa na waje ya rufe na ciki kusan duka, sai 'yar cibiya a tsakiya. Ku auna da rula daga cibiyar zuwa baki ta ɓangarori da yawa, ku sa alama, sannan ku haɗa. Ido kaɗai yana jan hannu zuwa da'ira.

Inda aikin yake shi ne layukan ɗinki. Ƙoƙon ainihi ya riga ya tafi. Abin da ke hannuna lakar da ta cika cikinsa ce ta daskare. Cikin ƙoƙon ɗaki-ɗaki ne, kuma inda kowane bango ya haɗu da jikin ƙoƙon ya bar layi mai lanƙwashe-lanƙwashe, ya hau ya sauka, kowace lanƙwasa da ƙananan haƙoranta. Da waɗannan layuka masana ke bambance wani iri da wani, don haka ba ado ba ne da za ka ƙirƙira yadda ya yi maka kyau. Ni dai layi ɗaya na zaɓa, wanda ya fi fitowa, na bi shi da madubin ƙara girma, na zana shi shi kaɗai a wata takarda har hannuna ya san shi, sannan na dawo kan babban zanen. Idan ka ɗan shafa wa dutsen ruwa da yatsa, layin yakan fito na ɗan lokaci kafin iskar hunturu ta busar da shi. Ikon Allah, duk sanda ya fito sai na tsaya kallo kafin in ɗauki alƙalami.

Akwai wani yanki kusa da bakin da babu layi ko ɗaya. Kada ku cika shi. Nan ne ɗakin ƙarshe, inda dabbar kanta take zaune, ba shi da bango a ciki. Haka kuma gefen da ya guntule: na nuna shi a guntule, na ci gaba da naɗin da layi tsinke-tsinke don mai kallo ya san wannan ƙiyasina ne, ba abin da dutsen ya nuna ba. Na ga zane-zane masu kyau da aka gyara wa dutse karayarsa, kuma a ganina sun rage daraja.

Haske daga sama ta hagu nake sa shi, yadda masu zanen kimiyya suka saba, kuma da safe nake aiki a bakin taga. Ɗige ya yi yawa a inuwa, ya yi ƙaranci a haske, kada a ja layi. Ku riƙa rufe alƙalami, ƙurar nan tana toshe baki. A ƙasa na ja ɗan layin awo na santimita 1.

Saura inuwar cibiya. Bayan ita ina so in gwada ƙoƙon kan Goronyosaurus, babban mai rarrafen tekun nan da aka tono a yankin Sakkwato aka raɗa masa sunan Goronyo. Wanda yake da hoto mai kyau da haƙoran suka fito sosai, don Allah ya taimaka mini da shi.