Waya biyu kacal

Laraba, da daddare.

Waya biyu na jona na'ura suka cinye mini yini guda, kuma har yanzu ban huce ba.

Aikin Kawu ne dai, wanda na ba ku labari makon jiya: na'urar da za ta tura masa tes idan zafin injin ƙyanƙyasarsa ya faɗo daga digiri 37.5. Kwana 21 ƙwan kaji ke yi, dare ɗaya na sanyi ya isa ya ɓata su, ga gonar can bayan Gezawa. Irin wannan na saba yi da SIM800L, ɗan modul ɗin da ake sa wa layin SIM ya riƙa tura tes, ido rufe ma sai in haɗa. Wannan karon Kawu ya kawo nasa allon da ɗansa ya aiko daga Turai, mai ɗauke da modul ɗin SARA-G350 na kamfanin u-blox. Ya ce tunda akwai a gida, kada a taɓa aljihu.

Da hantsi na zauna. Na san ƙafafun wannan da volt 1.8 suke aiki, don haka na sa ɗan allon da ke rage wutar adaftar USB daga 3.3. Na jona GND, wato wayar ƙasa. Sai dokar da nake cusa wa duk yaron da ya zauna a shagona: TX baki ne, RX kunne ne, baki yana zuwa kunne, saboda haka a gicciye ake haɗawa. Na buga AT a kwamfuta, umarnin gwada ko modul ɗin yana ji, ina jiran ya amsa da OK. Shiru kamar an shuka dusa.

Na sauya gudun magana, 9600, 115200, na sake komawa. Na sauya kebul. Na tuna wannan modul ɗin yana jiran izini ta ƙafar RTS kafin ya yi magana, na ɗaure ta da GND. Har layin SIM na canza, alhali na fi kowa sanin AT ba ta buƙatar layi ko sabis. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi.

Ana cikin haka Auta ya dawo daga makaranta, ya jingina da tebur yana kallo.

"Yaya, ka gwada miƙe su mana. TX da TX."

"Kai, a ina ka taɓa ganin an yi hira baki cikin baki? Abin da na koya maka ke nan? Tashi ka sayo mini ruwa."

A gaban Malam mai gyaran fanka na faɗa, shi kuma ya ƙyalƙyale da dariya. Auta ya kawo ruwan, ya ajiye, ya fita bai ce uffan ba.

Bayan la'asar aka ɗauke wuta, sai na buɗe takardar bayanin modul ɗin a waya don rage zaman banza. Ga shi a rubuce ɓaro-ɓaro: TXD ƙafar shigar bayanai ce, RXD ta fita. Sun bi tsarin V.24 na ITU, hukumar sadarwa ta duniya, inda ake sa wa wayoyin suna daga ɓangaren kwamfuta, ba na modem ba. Layi mai lamba 103, wato TXD, shi ne abin da kwamfuta ke aikawa, modem yana karɓa. Shi ya sa modem na zamanin da, masu kebul na RS-232, a miƙe ake jona su. SIM800L kuwa daga nasa ɓangaren yake sa suna, shi ne ya saba mini da gicciyewa har na ɗauka haka duniya take. Ashe tun safe ni ne na haɗa baki da baki, kunne da kunne, daidai abin da na yi wa yaron ba'a a kai.

Da wuta ta dawo na juya su. AT. OK. Nan take. AT+CSQ, mai auna ƙarfin sabis, ta ba ni 18, AT+CREG? ta ce 0,1, an hau sabis. Don tura tes na buga AT+CMGF=1, sai AT+CMGS da lambar Kawu, na rufe da Ctrl+Z. Kafin magariba ya kira yana "Allah Ya yi maka albarka, ɗana, kai dai gwani ne." Na ce amin, bakina duk ɗaci.

Ina ta saƙe-saƙe ko Auta ya taɓa karanta wannan a wani wuri. Na fi zaton lissafi kawai ya yi: waya biyu, hanya biyu, an gwada ɗaya ta ƙi. Gwajin da ba zai ci minti biyu ba, na ƙi yi don daga bakinsa ya fito.

Tuwon dare a ɗakin Umma ya ci. Ta tambaye ni me na yi masa, na ce ba komai. Ta dube ni irin kallon nan nata. Na aika masa da tsire, an ce ya karɓa, ya ba ƙannen maƙwabta rabi.

Saura na'urar auna zafi da batir. Fankar Malam har yau ban biya ba.

Kafin in rufe shago na mayar da wayoyin a gicciye, na bar allon a tsakiyar tebur. Gobe zan ce masa abin ya gagare ni, ya zo ya gwada nasa, in ya yarda ya leƙo. Zan so Malam yana wurin.