Na Ɗura wa Esin Motata Gas da Hannuna Har Sau Biyu

Wata Juma'a ce cikin watan Afrilu, mun taso daga Kawo za mu Tudun Wada gaishe da surukai, cunkoso ya tare mu a titin Ahmadu Bello da ke Kaduna. Na murɗa esi har ƙarshe. Iska na fitowa da ƙarfi, amma kamar daga bakin tanda. Autanmu ya jiƙe sharkaf a kujerar baya. Uwargida ta daɗe tana fifita da gefen mayafi kafin ta ce, "Maigida, da Keke Napep muka hau ai da mun fi shan iska." Maganar ta zauna min.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2005, 'yar Kwatano. Ni malamin makaranta ne, ba makanike ba, amma juyen baƙin mai, canza fulogi da fis duk da kaina nake yi a ƙofar gida. Sai na ce ɗura gas ɗin me zai gagara? Washegari na shiga Panteka na sayo gwangwanin gas mai giram 340 da ɗan tiyo mai geji, wato agogon auna matsi, a jikinsa.

Abu ɗaya na yi daidai tun farko: na ɗaga bonet na karanta takardar da ke manne a ciki. Ita ta nuna gas ɗin motar R134a ne. Tsofaffin motoci na kafin tsakiyar shekarun 1990 R12 suke sha, wanda aka daina saboda yana lalata rufin ozon na sararin sama, sababbi da yawa kuma sun koma R1234yf. Ba a gauraya su. Na firji na zamani kuwa, R600a, ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kama wuta, kada araha ta sa mutum ya kai shi kusa da injin mota. A takardar nan har nauyin da ake zubawa an rubuta, wajen giram 490. Na ga lambar, na wuce ta kamar ba da ni take ba.

Bututun esi biyu ne, mai kauri da siriri. Mai kaurin yana da murfin roba da harafin L, nan ake ɗurawa. Siririn mai H shi ne ɓangaren matsi mai ƙarfi, kuma da gangan aka bambanta girman bakunansu don kada tiyo ya shiga inda bai kamata ba. Na tada mota, na kai esi da fanka ƙarshe, na maƙala tiyo a L, na buɗe gwangwani kaɗan-kaɗan. Can sai na ji ƙas, kulocin kwamfureso, wato na'urar da ke matse gas ɗin, ya kama, tsakiyarsa ya fara juyawa tare da fanbel. Gwangwanin ya yi sanyi ƙalau a hannuna, har raɓa ta kwanta masa. Wajen cire tiyo gas ya feso min a ɗan yatsa, wurin ya yi fari, ya kwana biyu yana zogi kamar ƙunar wuta. Gas ne da ke tafasa a digiri 26 ƙasa da sifili, da ido ya samu da labarin ya sha bamban. Tun ranar ba na taɓa shi sai da safar hannu da tabarau.

Sanyi dai ya dawo. Na ɗauko iyali muka zaga har Unguwar Rimi ba don komai ba, sai don a shaida.

Mako uku aka yi, iska ta koma ɗumi. Nan ne na tafka wautar. A tunanina gas kamar fetur ne, ana sha yana ƙarewa, kuma yawansa shi ne yawan sanyi. Na sayo gwangwani biyu, na juye ɗaya kaf, na bi da rabin na biyu. Allurar geji na hawa, ni kuma ina murna. Ba a jima ba kwamfureso ya shiga kamawa yana saki, injin na nishi duk sanda ya kama, iskar kuma ko ta farko ba ta kai ba.

Dole na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran esi a bayan layinmu. Ya saurari bayanina har ƙarshe, bai katse ni ba. Sannan ya jona gejinsa mai agogo biyu, shuɗi a L, ja a H, ya nuna min jar allurar da baki.

"Malam, ka shaƙe ta. Naka gejin ido ɗaya gare shi, wannan ɓangaren ba ya gani."

Na ce, "To Baba, ai gas ɗin ne ke saurin ƙarewa."

Ya ce, "Ina yake zuwa? Firjin gidanka sau nawa ka ɗura masa?"

Na yi shiru. Gas ɗin esi zagayawa yake a rufe: kwamfureso ya matse shi, kwandansa da ke gaban lagireto ta huce shi ya zama ruwa, ya ratsa wani ɗan matsattsen bawul ya faɗa cikin abin sanyayawa da ke bayan dashbod, ya zuƙe zafin cikin mota ya koma iska, ya sake dawowa. In ya ragu cikin makonni, yoyo ne. In kuma ya yi yawa, matsi ya haura, akwai makunnin da ke yanke kwamfureso don kada wani abu ya fashe. Kamawa da sakin da na ji ke nan.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne kayan binciken nasa: robar ruwa da aka kaɗa omo a ciki. Ya bi mahaɗan bututu yana ɗigawa. A mahaɗar kwandansa akwai wani baƙin danƙo, ƙura ta manne da mai, na sha ganinsa ina ɗauka dattin inji ne. Ashe man kwamfureso tare da gas yake yawo, duk inda gas ya fita sai ya bar shaida. Kumfa ta taso a wurin, ƙanana, ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar zoben roba ce ta bushe ta tsage, ko kuɗin gwangwani ɗaya ba ta kai ba. Ɗan bawul ɗin cikin bakin L ma, irin na tayar mota, yana ɗan huci.

Ya sauke gas ɗin duka, ya canza robar da bawul, ya jona injin zuƙe iska ya bar shi rabin awa. Wannan ne aikin da ba ni da kayansa a gida, kuma shi ne babba. Iska da danshi in suka shiga, danshin na iya daskarewa ya toshe matsattsen bawul ɗin, yana kuma ɓata mai ya ci ƙarfe ta ciki. Ni ko iskar da ke cikin tiyona ban taɓa fitarwa ba kafin ɗuri, sau biyu ina tura ta ciki. Da ya kashe injin sai ya ce mu sha shayi, allura ta tsaya cak kusan minti goma sha biyar, alamar ba sauran yoyo. Sannan ya ɗora tukunyar gas a sikeli, ya sake duba takardar bonet, ya auna daidai abin da aka rubuta.

Ban daina taɓa esin ba. Bayan kowane hunturu ina wanke kwandansa da ruwa marar ƙarfi, don ƙurar Kaduna kan toshe ta, kuma haƙarƙarinta na lanƙwashewa in an matsa mata ruwa. Matatar iska da ke bayan akwatin dashbod na ciro ta da busassun ganyen darbejiya a ciki, na canza, ƙarfin iska ya ƙaru nan take. Ina duba fis da fankar gaba, kuma ko lokacin sanyi nakan kunna esi na 'yan mintoci a mako don mai ya zaga robobin. Ragowar rabin gwangwanin na fitar da shi daga but, don ba a barin sa cikin motar da ke yini a rana.

Satin da ya wuce maƙwabcina ya aiko ɗansa aron tiyon, wai tasa ma ta daina sanyi. Na ba yaron, na haɗa masa da robar ruwan omo, na ce ya gaya wa babansa ya fara da wannan.