Zauren jira na filin jirginmu

Yau na raka Inna filin jirgin jiharmu, za ta tafi Umara. Zauren jira ya cika maƙil, har wani dattijo ya shimfiɗa dardumarsa a gindin bango, yana fifita da takardun tafiyarsa. Inna ta ja hannuna ta ce, "Ɗan nan, ba wannan zauren aka ce za a faɗaɗa ba?" Na rasa amsar ba ta. Hoton sabon ginin na nan a allo bakin ƙofa, rana ta kodar da shi.

Da can ina cikin masu cewa ina ruwan talaka da filin jirgi, a fara da asibiti da ruwan sha. Haka aka yi ta muhawara lokacin da Jigawa ta gina na Dutse a zamanin Sule Lamido. Amma mutanen da na gani yau manoma ne da 'yan kasuwa da suka yi shekaru suna tara kuɗin kujera. Ina so a yi aikin, kuma ina so majalisar jiha ta fito fili ta faɗa mana nawa aka ware a kasafi, da wanda zai riƙa kula da ginin bayan an gama.